Amurka: Daga gonar tumatir zuwa dandalin Super Bowl, ina ƙarfin ƴan Latino yake?

A daren 8 ga watan Fabrairun 2026, a birnin Santa Clara na jihar Kalifoniya, mawaƙin nan ɗan tsibirin Puerto Rico, Bad Bunny, ya hau dandali a hutun rabin lokaci na wasan Super Bowl, wasan da ya fi kowane shiri tara masu kallo a talabijin ɗin Amurka. Kusan duk abin da ya rera, da Sifaniyanci ya rera shi. Mako guda kafin nan kundin waƙoƙinsa ya lashe babbar kyautar Grammy, karon farko ke nan da kundin Sifaniyanci zalla ya kai wannan matsayi, kuma a wajen bikin ya fito fili ya yi tir da ICE, hukumar da ke farautar baƙin haure a cikin ƙasar. Shugaba Donald Trump bai ɓoye fushinsa ba, ya ce wasan ya yi muni ƙwarai.

Wata biyar cif kafin wannan dare, a ranar 8 ga Satumban 2025, Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta ɗage wani umarni da ya hana jami'an shige da fice tare mutum a yankin Los Angeles don kamanninsa kawai, ko don an ji yana Sifaniyanci, ko don irin aikin da yake yi da wurin da aka gan shi, kamar wajen wankin mota ko matattarar ƴan ƙwadago. Alƙaliyar da ta ba da umarnin tun farko, Maame Ewusi-Mensah Frimpong, iyayenta ƴan Ghana ne. Sonia Sotomayor, ƴar Latino ta farko da ta zauna a Kotun Ƙoli, tana cikin ukun da suka ƙi amincewa. Ta rubuta cewa bai kamata mutane su rayu a ƙasar da gwamnati za ta iya cafke duk wanda ya yi kama da ɗan Latino, yake Sifaniyanci, kuma ake ganin aikin ƙaramin albashi yake yi ba.

Harshe ɗaya ke nan, a dandali yana kawo kyauta, a bakin titi yana iya kawo ankwa. Wannan shi ne halin da shugabannin al'umma, mawaƙa da ƴan gwagwarmayar Latino suke ciki a yau. Wanda ya bi tarihinsu na shekara 60 da suka wuce zai ga cewa farin jini da yawan jama'a sun sha buɗe musu ƙofa, amma nasarorin da suka ɗore su ne waɗanda aka ɗaure da wani abin da ke taɓa aljihun mai ƙarfi ko kujerarsa.

Yawa ba murya ɗaya ba ce

Alƙaluman hukumar ƙidayar Amurka sun nuna ƴan Latino sun kai kimanin miliyan 68 a 2024, wato mutum ɗaya cikin kowane biyar, fiye da ninki biyu na al'ummar Nijar baki ɗaya. Sunan ya haɗa mutanen da tushensu ya fito daga Meziko, Puerto Rico, Kyuba, Salvador, Guatemala, Venezuela da sauran ƙasashen kudu. Kusan kashi biyu cikin uku a Amurka aka haife su. Wasu ma kakanninsu ba su taɓa tsallake iyaka ba, iyakar ce ta zo ta same su: bayan yaƙin 1846 zuwa 1848, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta miƙa wa Amurka kusan rabin ƙasar Meziko, ciki har da Kalifoniya. Mutumin Maraɗi mai dangi a Katsina ba ya buƙatar dogon bayani a kan yadda layin da aka ja a takarda ke raba gida biyu.

Sai dai duk wanda ya ɗauki wannan taro a matsayin tsintsiya maɗaurinki ɗaya ya yi kuskure. A zaɓen 2024, bisa binciken cibiyar Pew, kashi 48 cikin 100 na ƴan Latino da suka kaɗa ƙuri'a Trump suka zaɓa, alhali a 2016 kashi 28 ya samu. Gundumar Starr da ke bakin iyakar Teksas, inda kusan kowa ɗan asalin Meziko ne, ta zaɓi ɗan jam'iyyar Republican karon farko cikin fiye da shekara 100. Ministan harkokin wajen Trump, Marco Rubio, ɗan baƙi ne daga Kyuba. Kusan rabin jami'an da ke sintiri a kan iyaka su ma ƴan Latino ne. Tsadar rayuwa, addini da tsoron gurguzu a wajen waɗanda suka gudo daga Havana ko Caracas sun rinjayi kiran ƴan'uwantaka. Da yawa sun zaci ɓata-gari kaɗai za a kora. Ba a yi nisa ba, a watan Mayun 2025, Kotun Ƙoli ta bar gwamnati ta janye kariyar wucin gadi daga ƴan Venezuela kimanin 350,000, sannan ta bar ta ta soke izinin zama na wasu fiye da 500,000 daga Kyuba, Haiti, Nicaragua da Venezuela, mutanen da suka shigo ta hanyar da gwamnatin baya ta buɗe musu da kanta.

Inabin Delano

Don gane asalin gwagwarmayar sai an koma gona. Dokar ƙwadago ta 1935, wadda ta ba ma'aikatan Amurka haƙƙin kafa ƙungiya da tattauna albashi, ta ware ma'aikatan gona da ƴan aikin gida, kuma har gobe a ware suke a dokar tarayya. Daga 1942 zuwa 1964 shirin da ake kira bracero ya riƙa kwaso leburori daga Meziko a kan kwantaragi na ƴan watanni. Wanda ya ɗaga murya, a mayar da shi gida a kawo wani.

A ranar 8 ga Satumban 1965 ma'aikatan gonakin inabi ƴan Filipin, ƙarƙashin Larry Itliong, suka shiga yajin aiki a garin Delano na Kalifoniya. Bayan mako guda ƙungiyar Cesar Chavez da Dolores Huerta ta bi sahu. Yajin aikin shi kaɗai bai isa ba, domin masu gonaki na da waɗanda za su maye gurbi. Abin da ya karya su shi ne ƙaurace wa sayen inabi a biranen da ke da nisan dubban kilomita. Huerta, tsohuwar malamar makaranta, ita ce ta je New York ta tsara wannan aiki, ita ce kuma ta riƙa zama a teburin tattaunawa. A watan Yulin 1970 masu gonakin Delano suka sa hannu.

A cikin yajin aikin ne wani matashi, Luis Valdez, ya kafa El Teatro Campesino, rukunin wasan kwaikwayo na ma'aikatan gona. Bayan kamyo ne dandalinsu. Ɗan wasa zai rataya allo a wuya mai nuna shi ne mai gona, ko ɗan kwangila, ko mai karya yajin aiki, a yi wasa na minti goma ko sha biyar, mutane su yi dariya, tsoro ya ragu, gobe a fito layi. Ƴan wasan su ne masu yajin aikin. Daga nan ne alaƙar fasaha da gwagwarmaya ta samu siffar da ake kwaikwayo har yau.

Amma labarin bai ƙare yadda ake rera shi a bukukuwa ba. Cikin shekara uku yawancin masu gonakin sun juya sun ƙulla da wata ƙungiyar. A 1974 ƙungiyar Chavez ta ƙaddamar da kamfe na kai ƙarar baƙin haure wajen hukuma, tana kallon su a matsayin masu karya yajin aiki. A ƙarshen shekarun 1970 Chavez ya riƙa korar tsofaffin abokan tafiyarsa bisa zargin cin amana. Ƙungiyar UFW, wadda ta taɓa tara dubun-dubatar mambobi, a yau ƴan dubbai ne suka rage. An sa wa tituna da makarantu sunan mutum ɗaya, amma tsarin da ya dogara da mutum ɗaya ya raunana tare da shi. Huerta kuwa, wadda ƴan sandan San Francisco suka karya wa haƙarƙari a 1988, ta kai shekara 95 tana fita taro.

Santi ɗaya a Immokalee

Misalin da ya fi cancantar a tsaya a kansa yana can kudancin jihar Fulorida, a wani ƙaramin gari mai suna Immokalee, cibiyar noman tumatir ɗin da Amurkawa ke ci a lokacin sanyi. A 1993 wasu leburori ƴan Meziko, Guatemala da Haiti suka fara taruwa a wani ɗaki da coci ta ara musu. Daga nan aka haifi ƙungiyar CIW, haɗakar ma'aikatan Immokalee. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Lucas Benitez, wanda ya zo daga jihar Guerrero ta Meziko yana matashi.

Ga yadda aikin yake a wancan lokaci. Lebura zai cika bokiti mai nauyin kilo 14 da rabi, ya ɗora a kafaɗa, ya ruga zuwa kamyo, a ba shi santi 40 zuwa 45 na dalar Amurka. Wannan farashi ya shafe shekaru kusan bai motsa ba. Sai mutum ya tsinki tan biyu a rana kafin ya haɗa dalar Amurka 50 da ƴan kai. A 1996 wani ɗan kwangila ya yi wa wani yaro lebura dukan kawo wuƙa don ya tsaya shan ruwa. Yaron ya zo ofishin ƙungiyar da riga jina-jina, ɗaruruwan mutane suka ɗauki rigar suka yi tattaki zuwa gidan ɗan kwangilar. Akwai abin da ya fi duka muni. Ƙungiyar ta taimaka wa masu gabatar da ƙara na tarayya a shari'o'in bauta da dama, waɗanda suka kuɓutar da mutum fiye da 1,000. A shari'ar da aka yanke a 2008, an tabbatar ana kulle ma'aikata a bayan motar kaya da dare, wasu ma da sarƙa.

Sun gwada yajin aiki, sun gwada yajin cin abinci na kwana 30, sun yi tattakin kilomita 376 daga Fort Myers zuwa Orlando a shekarar 2000. Masu gonaki sun ɗan ƙara albashi, amma yawancinsu sun ƙi zama a tattauna. Daga nan ƴan ƙungiyar suka bi sawun kuɗi. Suka lura cewa manyan kamfanonin gidajen abinci da manyan kantuna ne ke sayen tumatir tan-tan, su ne ke matsa farashi ƙasa, mai gona kuma ya huce a kan lebura. Waɗannan kamfanoni suna da abin da mai gona ba shi da shi, wato suna da tambarin da suke tsoron a ɓata.

A 2001 CIW ta yi kira da a ƙaurace wa Taco Bell, da buƙata ɗaya mai sauƙin faɗa: ƙarin santi ɗaya a kan kowace laba, wato kusan rabin kilo. A kuɗinmu na sefa bai wuce dala guda da ɗan ɗoriya ba. Mai saye ba zai ji a jikinsa ba, amma a kan bokiti ɗaya ƙarin ya kai santi 32, kusan ninka abin da lebura ke samu. Ɗalibai suka hana kamfanin buɗe shaguna a jami'o'i, coci-coci suka mara baya. A watan Maris na 2005 Taco Bell ya sa hannu. McDonald's ya bi a 2007, Burger King a 2008, ƙungiyar masu gonakin tumatir ta Fulorida ta saduda a ƙarshen 2010, Walmart ya shigo a 2014.

Abin da ya bambanta wannan shiri, wanda ake kira Fair Food, da alƙawuran da kamfanoni ke yi a takarda shi ne haƙoransa. Kamfanin da ya sa hannu ya ɗaure kansa a gaban doka cewa zai daina saye daga duk gonar da ta karya ƙa'ida. Ma'aikata ne suka rubuta ƙa'idojin, su ne kuma ke shiga gonaki a lokacin aiki suna wayar da kan ƴan'uwansu. Akwai layin waya da ke buɗe dare da rana, da wata hukumar bincike mai zaman kanta wadda tsohuwar alƙaliyar New York, Laura Safer Espinoza, ta jagoranta tun kafuwarta. Shugaban leburorin da aka samu da taɓa mace, korar sa wajibi ne, in ba haka ba gonar ta rasa kasuwa. Ƙarin santin ya kai wa ma'aikata fiye da dalar Amurka miliyan 30.

An ga amfanin wannan tsari a 2024. Wata ƙungiyar ma'aikata a Miami ta yi ta fafutukar ganin gundumar ta tilasta ba masu aiki a rana ruwa, inuwa da hutu. Majalisar jihar ta yi doka ta hana kowace ƙaramar hukuma kafa irin wannan ƙa'ida, gwamna Ron DeSantis ya sa hannu. A gonakin da ke cikin Fair Food dokar ba ta canza komai ba, domin hutun lokacin zafi yana cikin yarjejeniyar da ke tsakaninsu da masu saye, majalisa kuma ba ta da hurumin goge ta. Ma'aikatan gidajen kiwon shanu a jihar Vermont sun kwafi tsarin suka ƙulla da Ben & Jerry's a 2017. A 2019 ƙungiyoyin mata da na ƙwadago a Lesotho sun yi irinsa da kamfanonin wandon jins, ciki har da Levi's, don magance cin zarafin mata a masaƙu.

Su ma ƴan Immokalee da fasaha suka yi aiki, irin ta Delano: zane-zane da wasan kwaikwayo a taron mako, da ƙaramin gidan rediyonsu, Radio Conciencia, da ke magana da Sifaniyanci, da Kiriyol na Haiti, da harsunan Maya na Guatemala, domin ba duk wanda ake kira ɗan Latino ne ke jin Sifaniyanci ba.

Tsarin yana da iyaka. Ma'aikatan da yake rufewa kaɗan ne in aka kwatanta da ma'aikatan gonar ƙasar baki ɗaya. Wendy's da kantunan Publix sun ƙi shiga har yau. Kuma babu yarjejeniyar tumatir da za ta hana jami'in ICE tare motar leburori da asuba.

Me waƙa da zane ke iya yi?

A kwarin San Fernando na Los Angeles akwai wata magudanar ruwa ta siminti wadda aka zane bangonta tsawon fiye da mita 800. Judy Baca ce ta jagoranci aikin daga 1976, da matasa fiye da 400, wasunsu kotun yara ce ta turo su. Bangon na ɗauke da abin da littattafan makaranta suka tsallake, kamar korar dubban ɗaruruwan ƴan asalin Meziko a shekarun 1930, da yawansu ƴan ƙasa haifaffun Amurka, da rushe unguwar Chavez Ravine inda aka gina filin wasan Dodgers. A San Diego, a ranar 22 ga Afrilun 1970, mutanen unguwar Barrio Logan suka ga katafila na shirin gina ofishin ƴan sandan hanya a filin da aka yi musu alƙawarin wurin shaƙatawa a ƙarƙashin gada. Suka mamaye wurin kwana 12. Zanen ginshiƙan gadar ya biyo baya, a yau kuma Chicano Park na cikin wuraren tarihi na ƙasa. Mamayar ce ta ƙwato filin, zanen ne ya sa ba wanda ya isa ya karɓe shi.

Haka abin yake a Puerto Rico a 2019. Wata cibiyar ƴan jarida masu bincike ta wallafa shafi kusan 900 na hirarrakin sirri na gwamna Ricardo Rosselló da muƙarrabansa, har da ba'a a kan gawarwakin guguwar Maria, wadda ta hallaka kusan mutum 3,000 a 2017. Bad Bunny ya katse rangadinsa a Turai ya dawo, shi da Residente, iLe da Ricky Martin suka shiga gaban zanga-zanga. Cikin kwana 12 gwamna ya sanar da murabus. Mawaƙan sun ninka taron, amma sun tarar da ƙungiyoyin mata, malamai da ƴan ƙwadago tuni a kan titi, da buƙata guda wadda kowa ya fahimta.

Idan buƙatar ta yi faɗi, sakamakon kan yi ƙaranci. A ranar 25 ga Maris na 2006 kimanin mutum 500,000 suka cika tsakiyar Los Angeles don adawa da wani ƙudurin doka da zai mai da zama ba takarda babban laifi. Masu shirye-shiryen safe na rediyon Sifaniyanci, irin su Eduardo Sotelo, su ne suka tara jama'a, suna ce musu su sa fararen riguna su ɗauki tutar Amurka. Ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa. Sai dai dokar ba da takardu da ake fata ba ta zo ba. Rabon da a yi irinta tun 1986, zamanin Ronald Reagan, lokacin da mutum kimanin miliyan 2.7 suka samu izinin zama. Matasan da aka kawo Amurka suna yara sun yi zaman dirshan a ofisoshin yaƙin neman zaɓen Barack Obama, suka tilasta masa fito da shirin DACA a watan Yunin 2012. Umarnin shugaba ne, bai zama doka ba, shi ya sa ya shafe shekaru yana yawo a kotuna. Obaman nan ne kuma Janet Murguía, shugabar ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Latino, ta laƙaba wa sunan sarkin korar baƙi a 2014.

A wannan ma'auni za a iya auna Bad Bunny na yau. Ya yi wasa 31 a San Juan a 2025, ya kuma cire biranen Amurka daga rangadinsa, yana mai cewa yana tsoron ICE ta yi kwanton ɓauna a ƙofar wuraren wasa. Ya ba miliyoyin mutane ƙwarin gwiwa a lokacin da ake sa su jin kunyar harshensu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma har yanzu ba a ga buƙata ɗaya takamaimiya da aka ɗora a kan wannan farin jini ba, irin santin Immokalee.

Los Angeles, Yunin 2025

A ranar 6 ga Yunin 2025 jami'an tarayya suka kai samame a unguwar masu sayar da tufafi ta Los Angeles. Cikin waɗanda aka kama akwai David Huerta, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta SEIU a Kalifoniya (ba dangin Dolores ba ne), wanda ya taso daga gwagwarmayar masu sharar ofisoshi. An ji masa rauni, ya kwana uku a tsare. Zanga-zanga ta ɓarke, Trump ya tura dakarun National Guard 4,000 da sojojin ruwa 700 ba tare da amincewar gwamnan jihar ba, abin da ba a gani ba tun 1965. A ranar 12 ga watan aka kayar da Sanata Alex Padilla ƙasa aka sa masa ankwa, bayan ya nemi yin tambaya a taron manema labarai na ministar tsaron cikin gida. Padilla ɗan mai dafa abinci ne da mai aikin shara a gidaje, kuma abin da ya jefa shi siyasa shi ne ƙuri'ar raba gardama ta 1994, wadda ta nemi hana baƙin haure makaranta da asibiti a Kalifoniya. A watan Yuli wani ma'aikacin gona ya faɗo daga rufin rumfar shuke-shuke a Camarillo yayin wani samame, ya rasu.

Dokar kasafin da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ware kimanin miliyar 170 na dalar Amurka don tsaron iyaka da korar baƙi. Da majalisa da Kotun Ƙoli a wancan ɓangare, ƙungiyoyi sun koma ƙasa. CHIRLA ta Angelica Salas na gudanar da layin kai rahoton gaggawa. Ƴan sa-kai na Unión del Barrio na zagaya unguwanni tun da asuba suna shelar ganin motocin jami'ai. A Chicago an raba usur, ana busawa da zarar an hango su. Maƙwabta kan saye duk abincin mai talla da safe don ta koma gida da wuri. Ana raba wani jan kati mai tuna wa mutum cewa yana da haƙƙin yin shiru, da ƙin buɗe ƙofa sai da takardar da alƙali ya sa wa hannu. Tom Homan, mai kula da korar baƙi a gwamnatin Trump, ya koka da bakinsa cewa mutanen Chicago sun san haƙƙinsu da yawa. Ƙungiyar ƴan aikin yini ta NDLON, wadda Pablo Alvarado ɗan Salvador ke cikin jagorancinta, tana da rukunin kiɗa na leburori da ke zuwa ƙofar gidajen tsare mutane suna kiɗa don na ciki su ji.

Duk wannan kare kai ne. Inda ake jira a gani shi ne ko za a sake taɓa aljihu. Kimanin kashi 40 cikin 100 na leburorin gonakin Amurka ba su da takardu, bisa alƙaluman gwamnati. Amsar masu gonaki ita ce bizar aikin ɗan lokaci ta H-2A, wadda guraben ta suka haura 370,000 a shekara. A watan Oktoban 2025 ma'aikatar ƙwadago ta rage mafi ƙarancin albashin da ake biyan masu wannan biza, UFW ƙarƙashin Teresa Romero ta garzaya kotu. Wanda ya san tarihin bracero zai gane fuskar: lebura mai ɗaure da mai gona ɗaya, wanda korar sa daga aiki ke nufin korar sa daga ƙasa.

Inda ya shafe mu

Ƴan Nijar da ke Bronx ko Greensboro ba ƴan kallo ba ne a wannan rigima. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 da ya ba ɗan kowane baƙo damar shiga makarantar gwamnati, iyalai ƴan Meziko ne a Teksas suka yi shari'ar. Jan katin nan akwai shi da Faransanci da Larabci. Harajin kashi 1 cikin 100 da aka ɗora daga 1 ga Janairun 2026 a kan tura tsabar kuɗi zuwa waje ya hau kan mai aikewa Damagaram kamar yadda ya hau kan mai aikewa Oaxaca. Tun watan Disamban 2025 kuma Nijar, Mali da Burkina Faso suna cikin ƙasashen da aka rufe wa ƙofar shiga Amurka, don haka wanda ke can ya san in ya fita da wuya ya koma.

A fagen siyasa an fara ganin juyawa. A zaɓen gwamnan New Jersey na Nuwamban 2025, gundumar Passaic mai yawan ƴan Latino, wadda Trump ya ci a 2024, ta koma hannun ƴan Democrat, a Disamba kuma jam'iyyar ta karɓi kujerar magajin garin Miami bayan kusan shekara 30. Zaɓen ƴan majalisa na ranar 3 ga Nuwamban 2026 zai nuna ko fushin ya yi zurfi. Kafin nan akwai shari'ar da ta fi kowace nauyi: a Disamban 2025 Kotun Ƙoli ta amince za ta duba umarnin da Trump ya sa wa hannu a ranarsa ta farko a ofis, wanda ke neman hana ƴaƴan baƙin haure da na masu bizar ɗan lokaci zama ƴan ƙasa ko da a Amurka aka haife su. An sa ran hukunci kafin kotun ta tafi hutu a farkon watan Yulin 2026.